Yaya ake fahimtar maganganun matuƙa jirgi da hasumiya kafin hatsari?

Mai Neman Sani ya rubuta:

Assalamu alaikum. Ina da wata tambaya da ta daɗe tana ci mini tuwo a ƙwarya, kuma ina fata waɗanda suka san aikin jiragen sama za su warware mini ita. A 'yan watannin nan na saurari muryoyi da dama na maganganun da matuƙa jirgi suka yi da jami'an hasumiya, wato masu ba jirage umarni ta rediyo daga ƙasa, a mintocin ƙarshe kafin hatsari, irin waɗanda ake sakawa a YouTube ana rubuta kalmomin a ƙasa. Ina jin Turanci daidai gwargwado, amma sau da yawa nakan kai ƙarshen muryar ban gane inda aka yi kuskure ba, alhali masu sharhi sun riga sun yanke hukunci, wannan ya ce laifin matuƙi ne, wancan ya ce laifin hasumiya ne.

Misalai biyu ne suka fi ɗaure mini kai. Na farko shi ne karon da jirage biyu suka yi a tsibirin Tenerife na ƙasar Sifaniya a 1977. Na karanta rubutaccen bayanin maganganun, na ga mataimakin matuƙin ɗaya daga cikin jiragen, na kamfanin KLM, ya sanar da cewa suna kan tashi, jami'in hasumiya kuma ya amsa masa da "OK". A fahimtata wannan amincewa ce, to me ya sa aka ce kyaftin ɗin ya tashi ba da izini ba? Na biyu shi ne jirgin Avianca da ya faɗi kusa da birnin New York a 1990. Mataimakin matuƙin ya faɗa da bakinsa, ba sau ɗaya ba, cewa mansu yana ƙarewa, amma aka ci gaba da yi masa jagora kamar kowane jirgi har injinansa suka mutu. Ban gane yadda mutum zai ce mai ya kusa ƙarewa a sararin sama a ce bai nemi agaji ba.

Abin da nake son sani shi ne ko akwai ƙa'idar da ake bi wajen fassara waɗannan maganganu, da kuma ko muryar rediyo ita kaɗai ta isa a gane wanda ya yi kuskure. Na gode.

Tsohon Hasumiya ya rubuta:

Wa alaikumus salam, Malam. Na yi shekaru ina wannan aiki kafin in ajiye shi, saboda haka bari in fara da Tenerife, domin da wuya ka sami jami'in hasumiya wanda ba a karantar da shi wannan hatsari ba.

Abu na farko da ya kamata ka riƙe shi ne cewa harshen rediyon jirage ya yi kama da Turanci ne kawai, amma kowace kalma a cikinsa an ɗaure ta da ma'ana guda. Idan matuƙi ya ce "roger", abin da ya ce shi ne "na ji", bai ce ya yarda ba, bai kuma ce zai aikata ba. Idan yana nufin zai aikata, "wilco" zai ce, ko kuma ya maimaita umarnin gaba ɗaya. "Standby" na nufin "dakata, zan kira ka", kuma ba izini ba ne na komai. Ita kuwa "OK" ba ta cikin kalmomin ƙa'ida sam. Matsayinta ɗaya da "to" a bakin Bahaushe, wadda takan zama "na ji", takan zama "na yarda", takan zama "ci gaba ina saurare", wani lokaci ma takan zama cika baki ne kawai kafin mutum ya tattara abin da zai faɗa. Ka ƙaddara yaro ya ce wa mahaifinsa zai tafi kasuwa, uban ya ce "to, jira in dawo tukuna", amma ƙarar babur ta haɗiye rabin maganar na ƙarshe. Kusan haka aka yi a ranar 27 ga Maris, 1977.

Jiragen biyu, KLM na ƙasar Holan da Pan Am na Amurka, dukansu samfurin Boeing 747, ba Tenerife suka nufa ba. Bam ne ya tashi a filin jirgin Gran Canaria, aka karkatar da su zuwa ƙaramin filin Los Rodeos, wanda ya cika maƙil har jirage suka toshe hanyar gefe. Da aka buɗe Gran Canaria, sai ya zama dole jiragen su bi ta kan titin tashi kansa don isa ƙarshensa. KLM ya shiga gaba, ya kai ƙarshe ya juyo, Pan Am na biye da shi da umarnin ya fita ta mafita ta uku. A daidai lokacin hazo ya sauko ya rufe filin, hasumiya ba ta ganin ko ɗaya daga cikinsu, su ma ba sa ganin juna, filin kuma ba shi da na'urar rada mai nuna motsin jirage a ƙasa. Kunne kaɗai ya rage wa kowa.

Izini iri biyu ne matuƙi yake buƙata kafin ya tashi, kuma a nan ne mafi yawan masu karanta bayanin suke ruɗewa. Akwai izinin hanya, wanda ke gaya masa inda zai nufa da tsayin da zai hau bayan ya bar ƙasa, akwai kuma izinin tashi kansa. Abin da jami'in ya bai wa KLM izinin hanya ne, sai dai a cikin jimlar ya ambaci kalmar "takeoff", yana bayanin kwanar da za su yi bayan tashi. Mataimakin matuƙi yana cikin maimaita wannan izini kyaftin Jacob Veldhuyzen van Zanten ya saki birki ya ƙara wa injina wuta. Mataimakin ya ƙarasa maimaitawarsa da cewa "we are now at takeoff", jimlar da ba ta cikin ƙa'ida, wadda shi yake nufin sun fara gudun tashi, jami'in kuwa ya ɗauka yana nufin suna tsaye a wurin tashi suna jira. Sai jami'in ya ce "OK", ya ɗan yi jim, ya ɗora da cewa su dakata zai kira su. A daidai wannan daƙiƙa mataimakin matuƙin Pan Am, wanda hankalinsa ya tashi da abin da ya ji, ya danna makirufo yana cewa har yanzu suna kan titin. Saƙonnin biyu suka haɗu suka zama ƙara mai tsini a kunnen matuƙan KLM. "OK" kawai suka ji sarai. Ko wanne daga cikin saƙonnin biyu ya shiga shi kaɗai, da ya isa ya tsayar da jirgin.

Akwai dama ta ƙarshe. Jami'in ya nemi Pan Am ya sanar idan ya fita daga titin, Pan Am ya amsa cewa zai sanar. Injiniyan KLM ya ji wannan, ya tambayi kyaftin ko jirgin Pan Am bai riga ya fita ba, kyaftin ya amsa da ƙarfi cewa ya fita. Injiniyan bai sake magana ba. Shi wannan kyaftin shi ne shugaban horar da matuƙan 747 na kamfanin, hotonsa ma yana cikin tallan kamfanin, saboda haka ba mutum ba ne da na ƙasa da shi zai yi wa musu sau biyu cikin sauƙi. Mutum 583 suka rasu, duka 248 na cikin KLM da 335 na cikin Pan Am, mutum 61 suka tsira.

Ka lura cewa wannan tambaya ta injiniyan ba ta fita ta rediyo ba. Na'urar da ke naɗar muryoyin ɗakin tuƙi ce ta kama ta. Wanda ya saurari abin da hasumiya ta naɗa kaɗai ba zai taɓa sanin cewa wani a cikin jirgin ya yi shakka ba, ba kuma zai san cewa umarnin dakatawa bai isa kunnensu ba.

Bayan wannan hatsari ne aka taƙaita kalmar "takeoff", ba a furta ta sai a lokacin ba da izinin tashi ko soke shi, a duk sauran wurare "departure" ake cewa. Amsar tambayarka ke nan: "OK" ba izinin tashi ba ne, izinin yana da lafazinsa, ana kiran sunan jirgin da lambar titin, matuƙi kuma ya maimaita.

Malamar Harshe ta rubuta:

Yallaɓai ya yi bayani mai gamsarwa, Allah ya ƙara basira. Ni ba ma'aikaciyar jirage ba ce, harshe nake koyarwa, kuma batun Avianca ne ya taɓa jan hankalina saboda yadda ladabi ya shiga cikinsa.

Jirgin, samfurin Boeing 707, ya taso ne daga Kolombiya a ranar 25 ga Janairu, 1990. Yanayi ya lalace a gabashin Amurka, aka tsayar da shi yana kewaye a sama har sau uku, jimillar minti 77. A tsayawa ta uku mataimakin matuƙi, wanda shi ke riƙe da rediyo, ya ce suna buƙatar "priority", wato a fifita su, ya kuma ce ba za su iya kaiwa Boston ba, wadda ita ce filin da suka tanada idan sauka ta gagara. An cire su daga layin jira, amma da aka miƙa su ga jami'i na gaba maganar cewa ba za su kai Boston ba ba ta bi su ba. Suka yi yunƙurin sauka a filin Kennedy na New York, iska mai juyawa farat ɗaya ta hana su, suka sake hawa sama. A nan ne kyaftin ya umarci mataimakinsa da harshen Sifaniyanci cewa ya gaya wa hasumiya suna cikin halin gaggawa. Mataimakin ya danna makirufo, ya maimaita kwanar da aka ba su, ya ƙara da cewa mansu yana ƙarewa. Kyaftin ya tambaye shi ko ya faɗa, ya ce ya faɗa.

Wurin da ya fi taɓa ni shi ne lokacin da jami'in ya ce zai kai su kimanin mil 15 arewa maso gabas kafin ya juyo da su, ya kuma tambaya ko hakan ya yi musu daidai da man da ke gare su. Amsar mataimakin ita ce "I guess so, thank you very much", wato kamar Bahaushe ya ce "ina jin ba laifi, na gode ƙwarai". Mintoci kaɗan bayan haka injina huɗun suka mutu ɗaya bayan ɗaya, jirgin ya faɗi a Cove Neck, mutum 73 cikin 158 suka rasu.

Duk wanda ya tashi a gidan da ake koyar da kawaici ya san wannan amsa. Ita ce amsar baƙon da yunwa ke ci, aka tambaye shi ko ya ci abinci ya ce alhamdu lillahi, yana sa ran mai gida zai karanci fuskarsa. Sai dai a rediyo babu fuska, kuma jami'in da ke juya jirage masu yawa a daren da yanayi ya lalace yana sauraron wasu kalmomi ne ƙididdigaggu. Ɗaya ita ce "mayday", wadda aka samo daga Faransanci da ma'anar "ku taimake ni", ana faɗinta sau uku idan rai na cikin haɗari. Ɗaya kuma "pan-pan", don matsala mai tsanani da ba ta kai ta farko ba. A Amurka kalmar "emergency" ma tana wadatarwa. Babu ko ɗaya da ta fito daga jirgin Avianca. A daren da kowane jirgi ya daɗe yana jira, ba shi kaɗai ke ƙorafin mai ba, don haka "mai yana ƙarewa" cikin murya mai sanyi ba ta bambanta shi da saura ba.

Irin wannan ta sake faruwa a Nuwamban 2016 da jirgin LaMia da ya ɗauko 'yan wasan ƙwallon ƙafa na Chapecoense ta ƙasar Brazil zuwa birnin Medellin na Kolombiya. Matuƙin ya fara da neman fifiko saboda matsalar mai, bai ayyana halin gaggawa ba sai da lokaci ya ƙure, mutum 71 cikin 77 suka rasu. Ko da yake shi nasa dalilin ba ladabi ba ne, tun daga ƙasa ya tashi da man da bai kai ƙa'ida ba.

Tsohon Hasumiya ya rubuta:

Malama, na yarda da ke, amma zan ɗan rage wa matuƙan nauyi, ko da kuwa zai koma kan mutanen sana'ata. Idan matuƙi ya ce mini mansa yana ƙarewa, ko da bai furta kalmar ƙa'ida ba, tambaya ɗaya ce ta wajaba a kaina: minti nawa ya rage maka? Amsarta lamba ce, lamba kuwa ba ta da kunya. Bayan saukar ta gagara, an tambaye su ko hanyar ta yi musu daidai, wanda tambaya ce da mai kawaici zai amsa da "e". Hukumar binciken hatsari ta Amurka ta ɗora babban dalilin a kan matuƙan, amma ta lissafa rashin daidaitattun kalmomi na bayyana ƙarancin mai a cikin abubuwan da suka taimaka. Tun 2012 ƙa'idar ICAO, ƙungiyar kula da sufurin jiragen sama ta duniya, ta fayyace matakai biyu: "minimum fuel", wanda sanarwa ce cewa jirgin ba zai jure ƙarin jinkiri ba amma bai shiga gaggawa ba, da kuma "mayday fuel", idan lissafi ya nuna zai sauka da ƙasa da ajiyar ƙarshe, wadda ga jirage masu injin jet man minti 30 ne.

Ni kaina na taɓa ɗanɗana yadda kunne ke jin abin da yake sa ran ji. Wata rana da yamma ina da jirage biyu na kamfani ɗaya masu lambobi kusan iri ɗaya. Na umarci ɗaya ya sauko zuwa wani tsayi, ɗayan ya amsa ya maimaita, ni kuma na ce daidai ne, domin lambar tsayin da na faɗa ita na ji an maimaita, ban kula da sunan da ya biyo baya ba. Abokin aikina da ke gefe ne ya taɓa kafaɗata ya nuna mini allo da yatsa. Mun gyara cikin daƙiƙu, babu abin da ya faru, fasinjojin ma ba su sani ba, amma da aka kunna mini muryar washegari na ji kuskuren ƙarara, har na yi mamakin yadda ya wuce ni. Wanda ke saurare daga baya ya riga ya san ƙarshen labari, don haka kunnensa yana jiran kuskuren ne.

Mai Neman Sani ya rubuta:

Na gode, Yallaɓai, na gode, Malama. Maganar sunaye masu kama da juna ta tuna mini da jirgin alhazan da ya faɗi a Jidda a 1991 yana hanyar Sakkwato, wanda har yau akwai gidajen da ake ambatonsa idan lokacin aikin Hajji ya zagayo. Na taɓa karanta cewa hasumiyar Jidda ta ruɗe, ta ɗauka da wani jirgin take magana. Shin da ba a yi wannan ruɗani ba, da an cece su?

Injiniyan Rediyo ya rubuta:

Malam, Allah ya jiƙan alhazan nan. Tambayarka ta faɗo daidai kan tarkon da masu sauraron irin waɗannan muryoyi suka fi afkawa, wato ɗaukar duk kuskuren da aka ji a rediyo a matsayin sanadin hatsari.

Ruɗanin ya faru, gaskiya ne. Jirgin samfurin DC-8 ne na kamfanin Nationair na ƙasar Kanada, wanda aka yi haya yana jigila da sunan Nigeria Airways, lambarsa 2120. Ya tashi da safiyar 11 ga Yuli, 1991, da mutum 261. Jim kaɗan bayan tashi kyaftin ya kira yana neman tsayawa a ƙasa-ƙasa saboda matsalar iskar cikin jirgi, amma ya yi amfani da sunan kamfaninsa na asali maimakon sunan kiran da aka yi wa tafiyar rajista da shi. Aka yi rashin sa'a a daidai lokacin akwai wani jirgin Saudiyya da shi ma yake komawa filin da irin wannan matsala, sai jami'in ya ɗauka shi ne ke magana. An yi kusan minti uku ana wannan cuɗanya kafin a gane. Duk da haka masu bincike sun ƙarasa da cewa ruɗanin bai canza sakamakon ba.

Abin da ya kashe jirgin yana ƙarƙashinsa ne, inda babu makirufo. Wasu tayoyinsa ba su da isasshiyar iska, an san da haka, amma ba a tsaya an gyara ba don gudun jinkiri. Tayoyi biyu suka fashe yana cikin gudun tashi, ƙarfen ya riƙa gogar kwalta har wuta ta kama, matuƙan kuma suka naɗe ƙafafun jirgin zuwa cikin ramukansu ba tare da sanin suna shigar da wuta ciki ba, domin wurin ba shi da na'urar gargaɗin gobara. Wutar ta ci wayoyi da bututun da ake sarrafa jirgin da su, ta ci har daben da fasinjoji ke kai. Shi ya sa idan ka bi maganganun za ka ji ana batun iskar cikin jirgi da fashewar taya da matsalar sarrafawa, maganar wuta ba ta fito ba sai can daga baya, bayan ma'aikatan cikin jirgi sun kawo labarin hayaƙi. Matuƙi yana faɗin abin da ya sani ne kawai, su kuwa waɗannan alamomin cutar suke gani. Jirgin ya faɗi saura kusan kilomita uku ya kai titin sauka, babu wanda ya tsira.

Bari in ƙara wani abu daga ɓangaren aikina. Rediyon jirage yana aiki ne a tsakanin megahaz 118 zuwa 137, galibi kowa a yankin jami'i ɗaya yana kan mita ɗaya, kuma idan ka danna maɓallin magana, mai karɓar sautinka yana rufewa, ba ka jin kowa har sai ka saki. Saboda haka babu wata murya guda da za a ce ita ce abin da aka faɗa. Akwai abin da hasumiya ta naɗa, akwai abin da ya isa kunnen kowane matuƙi, kuma sukan bambanta. Waɗanda kake ji a YouTube galibi daga rediyon masu sha'awa suke, waɗanda suka kafa eriya a gidajensu kusa da filin jirgi, kuma mai haɗa bidiyon yakan yanke shirun da ke tsakani, ya cire maganganun sauran jirage, har minti goma ya dawo minti biyu. Sai ka ji kamar jami'in ba shi da wani aiki sai wannan jirgi ɗaya.

Karon da aka yi a kan kogin Potomac a birnin Washington ranar 29 ga Janairu, 2025, tsakanin jirgin fasinja da helikwaftan soja, wanda ya ci rayuka 67, ya nuna wannan a fili. A muryar da ta bazu a daren, ana jin jami'in yana umartar helikwaftan ya bi ta bayan jirgin, mutane da yawa suka ce an ba da umarni an ƙi bi. Da masu bincike suka saurari na'urar cikin helikwaftan, sai suka ga alamar cewa kalmomin "bi ta baya" ba su shiga ba, saboda a daidai lokacin an danna maɓallin magana a cikinsa na ƙasa da daƙiƙa ɗaya. Ƙari a kan haka, helikwaftan da jirgin fasinjan ba a mita ɗaya suke ba, kowannensu yana jin jami'in amma ba ya jin ɗan'uwansa. Shekara 48 bayan Tenerife ke nan.

Dalilin da ya sa rahoton ƙarshe yakan ɗauki shekara ko fiye shi ne ana jera abubuwa huɗu a kan agogo ɗaya: muryar hasumiya, muryar ɗakin tuƙi, bayanan na'urar da ke naɗar motsin jirgi da injinansa, da hoton rada. Na'urorin nan biyu na cikin jirgi su ne ake kira baƙin akwati, ko da yake launinsu ruwan lemo ne don a gan su cikin tarkace. Kuma bisa ƙa'idar ICAO manufar binciken ita ce hana maimaituwa, ba raba laifi ba, shi ya sa za ka ga rahoton yana cewa "dalili" da "abubuwan da suka taimaka".

Tsohon Hasumiya ya rubuta:

Injiniya ya gama magana a kan Jidda. Abu ɗaya zan ƙara, domin na ga masu sharhi suna yawan fassara sanyin murya ko shirun matuƙi da cewa bai san haɗarin da yake ciki ba, ko kuma ya raina hasumiya. Ana koya wa matuƙi jerin abubuwa uku: ya fara riƙe jirgin, sannan ya san inda ya nufa, magana ita ce ta ƙarshe. Idan ka ji an kira jirgi sau biyu bai amsa ba, sau da yawa hannuwa huɗun da ke ciki duk suna kan aiki ne.

Ka nemi muryar jirgin US Airways da ya sauka a kogin Hudson ranar 15 ga Janairu, 2009, bayan tsuntsaye sun kashe injinansa biyu. Sunan kiransa "Cactus 1549", amma kyaftin Chesley Sullenberger da kansa ya ce 1539 a kiran farko, jami'in kuma daga baya ya ce 1529. Kalmar "mayday" da kyaftin ya fara da ita ma ba ta isa kunnen jami'in ba, saboda wani saƙo ya hau kanta. Da aka ba shi titin sauka, amsarsa kalma ɗaya ce, "unable", wato ba zan iya ba, wadda ita ce kalmar da mataimakin matuƙin Avianca ya buƙata lokacin da aka ce za a kai su mil 15. Da ya ce za su sauka a cikin kogin, jami'in ya nemi ya maimaita, kyaftin bai sake amsawa ba. Da a ce jirgin ya nutse da mutanensa, da masu sharhi sun lissafa kuskuren lambobin nan da wannan shiru a matsayin hujja. Mutum 155 ne a cikinsa, kuma dukansu jiragen ruwa suka kwashe su da rai.